Tumun Da Na Hana Yayanku

Da sunan Allah, Mai ciyar da tsuntsun da ba shi da rumbu. Maganganun da kuka yi ta yi a tsakaninku tun bayan ƙaramar Sallah duk sun iso kunnena, ko da yake kun ɗauka ban ji ba. An ce tsufa ya sa mini taurin kai. An ce babban yayanku ya zo da niyyar alheri, zai share bayan gida ya zuba siminti, ya gina mini ɗaki mai banɗaki a ciki don in huta, ni kuwa na watsa masa ƙasa a ido saboda 'yan karan geron da ba su cika dami biyu ba. Ban yi fushi ba. Amma tunda rayuwata nake rubuta muku, kuma ga shi na iso shekarun da aka gina dam ɗin Bakolori, gara ku ji yadda bayan gidan nan ya zama gona. Ku kuma sani wannan ne karo na biyu da na hana yayanku abin da ya roƙe ni a wurin.

Na shigo gidan nan na bakin garin Talata Mafara da takardar sakandare a akwati da hannuwa masu laushi. Kakarku, mahaifiyar babanku, wadda kowa ke kira Inna, ta juya tafin hannuna ta duba, ta yi dariya, ta raɗa mini suna 'Yar boko. Ba da ƙi ba ne. Mace ce mai son wasa, sai dai ba ta wasa da abinci. A wurinta na ga ana shanya kuɓewa da yakuwa da rama da zogale tun ana tsakiyar wadata, ana ɗura su a tukwane. Idan na ce, "Inna, ai akwai a kasuwa," sai ta ce kasuwa ba ta da uwa a gidan nan. Abin da ta fi ji da shi kuwa wani gajeren gero ne da ta gada daga uwarta, ana ce masa Ɗan-gajere. Ba shi da yawan amfani kamar dogon gero, amma yana rigan kowa nuna. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba, shi ke tare yunwa. A karyo ɗanyar zangarniya a gasa a wuta, wato tumu, yara su ci su yi shiru.

Inna tana da ƙa'ida biyu a kan geron nan. Ta farko, da zarar ya fara ido sai ta shiga gona da kaba a hannu, ta ɗaure duk zangarniyar da ta riga 'yan'uwanta nuna. Wadda aka ɗaure ta zama iri, ba mai taɓa ta. Ta ce saurin yana cikin waɗanda suka riga. Idan kika cinye na farko kika ajiye na baya, shekara kaɗan geronki zai koma malalaci kamar na kowa. A babbar gona wannan bai taɓa hana kowa tumu ba, don ko ta ɗaure ta gaji akwai saura. Ƙa'ida ta biyu, iri ba ya kwana a gida ɗaya. Bayan kowane girbi takan aika da rabo ga ƙanwarta da ke aure a Bakura, wadda muke kira Inna Ƙarama, da wani rabon ga ƙanenta Kawu Bala a wani ƙauye ta wajen Maradun. Idan fari ya ci na nan, na can yana nan. Namu kuma a rataye shi a madafa ya sha hayaƙi, sannan a sussuke, a cuɗa da toka, a zuba a tulu a liƙe bakin da laka.

Dabarar Inna ta yi maganin fari da fara da gobara. Abin da ba ta taɓa zata ba shi ne masifa ɗaya ta shiga gidaje ukun a lokaci guda.

Masu awo suka fara zuwa da sanduna masu ja da fari, sannan katafila. Aka ce kada kowa ya yi shuka bana, za a baje gonaki a ja musu ruwa daga dam ɗin Bakolori, a riƙa noma rani da damina. Babanku ya yi murna, ni ma na yi. Ranar da aka tumɓuke ɗorawar gonarmu Inna ba ta ci tuwo ba. Ta dai fara tara 'ya'yan yakuwa tana yin daddawar batso, tunda kalwa ta ƙare. Daminar farko muka ci daga rumbu. Da rani muka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya, har turkensu na bayan gida ya zama kango. Babanku ya shiga leburancin haƙa magudanan ruwa, abin da yake samu ba ya kai mu ƙarshen wata. Da damina ta biyu ta matso, aka sake cewa a dakata, aiki bai ƙare ba. Abubuwan da suka faru tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan, waɗanda suka gani da idonsu sun fi ni bakin faɗa. Ni abin da ya faru a tsakar gida na sani.

Wata ranar Talata, ranar kasuwa, sai ga Kawu Bala da matarsa da 'ya'yansa, da tabarmi da tukwane a kan jaki. Ruwan dam ya hau ƙauyensu, inda aka mai da su kuwa tsakuwa ce zalla. Bayan an gama doguwar gaisuwa, an sha ruwa, Inna ta yi tambayar da tun ɗazu take cin ta.

"Bala, ina ajiyata?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, munka riƙe har inda munka iya. Yara sunka yi ta kuka, sai anka daka."

"Allah shi sa ta yi musu albarka a jiki," in ji Inna. "To, na Bakura fa, ka ji labari?"

"Na biyo ta can. Ruwa bai hau fadama ba, shinkafa ba ta yi ba. Su ma sun cinye."

Da maraice babanku ya shiga ɗakin Inna, ina bakin ƙofa ina tsince shinkafar da ba ta kai ta kira kanta tuwo ba. Mutum ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba.

"Inna, bakuna sun ƙaru. A buɗe tulun nan a yi ma yara kunu. In an maido gonaki za a ba mu sabon iri da taki, an faɗi."

"An faɗi," in ji Inna. "Bara ma an faɗi."

"To mi amfanin iri ga wanda ba shi da gona?"

A nan ne na sa baki, abin da ban saba ba. Na tuna a makaranta an taɓa sa mu tsirar da wake a jiƙaƙƙiyar auduga. Na ce a ba ni ɗan tafin hannu in gwada. Idan irin ya riga ya mutu a tulu, ai ba abin da za a yi gardama a kai, sai a ci. Inna ta dube ni ta ce, "Ashe bokon naki ya san gero." Ta fasa lakar da kanta. Na naɗe ƙwayoyin a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye a gindin randa. Bayan 'yan kwanaki na buɗe a gabansu: kamar rabi sun fid da farin tsiro, rabi sun yi shiru. Kowa ya gane abin da tsumman ya ce. Irin nan ba zai kai wata damina ba. Ko a shuka shi bana, ko a cinye shi bana.

Inna ta tashi da sandarta ta zagaya bayan gida, ta tsaya a tsohon turken awaki. Ta caka sandar a ƙasa, sandar ta shige kamar a gari.

"Ga gona nan," ta ce. "Awaki sun yi shekaru suna yi muna taki ba mu gode ba."

Rabin tulun aka daka wa yara, don babanku ma yana da gaskiyarsa. Rabin muka shuka da ruwan farko. Kawu Bala ya sara da sungumi, ni da matarsa muna bi muna zubawa muna rufewa da dunduniya. A daminar nan hannuna ya yi kanta. Na koyi cire geron da ya yi cunkoso in dasa shi inda bai fito ba. Na koyi jan kabewa ta hau danga don kada ta ci wuri, da tsoma wake a tsakanin kunya. Maƙwabciyarmu Maman Ladi, Kirista ce, mijinta direba ne a wurin aikin dam, suna haya a gidan da ke jikin namu, ita ta nuna mini in karkata ruwan wanke-wanke zuwa gindin alayyafo maimakon ya bi kwata. Ta kan katanga muke musayar yaji da gishiri da labari. Ganye ne ya riƙe mu a watannin nan. Kwaɗon tafasa da safe, kwaɗon rama da rana, da dare ɗan tuwon da za a iya hango ƙasan akushi ta cikinsa. Tukwanen busasshen ganyen da na taɓa yi wa dariya su suka zama miyarmu.

Yayanku a lokacin bai fara faɗuwar haƙori ba. Kun san ba na kiran sunansa: ɗan fari ne, ga shi sunan kakanku ya ci. Inna kuwa Maigidana take ce masa, kullum suna cikin tsiya irin ta kaka da jika. Shi ta ɗora wa korar tsuntsaye, da gwangwani da tsakuwa a ciki.

"Maigidana raggo, gonar taka guda ka bari buwa na ci?"

"Ke tsohuwa, na sake ki, ba ki iya tuwo ba!"

"In ka sake ni wa za shi gasa maka tumu? Tsare gonarka, tumun hwarko naka na."

Ya riƙe maganar nan kamar karatun allo. Kowace safiya sai ya je ya leƙa kan geron, ya dawo ya ba ta labari, don a lokacin ciwo ya kwantar da ita, idonta ma ya yi rauni. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, gashin kansa ya fara ja. Ina gani, ina kau da kai, ina kai kukana wurin Allah a sujada.

Geron ya fid da kai, amma bai yi yadda muka so ba. Tsohon iri ne, ga tsutsa ta shiga ta lalata da yawa. Waɗanda suka riga nuna, masu lafiya, ba su fi a rungume su da hannu ɗaya ba. Wata rana bayan la'asar Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin danga, ta kira ni, ta ɗora mini kaba a hannu.

"Idona ba su gani. Shiga ki ɗaure. Kin san waɗanda a ka ɗaurewa."

Na shiga ina ɗaurewa, yaron yana bina a baya, har ya riga ya roƙi matar Kawu ta hura masa garwashi. Duk wadda na ɗaure sai ya matsa ga ta gaba ya ce, "To wagga ta tawa?" Ita ma in ɗaure. Har muka kai ta ƙarshe, wata cikakkiya a kusurwar katanga, wadda ashe ita ya daɗe yana kiwo. Ya kama karan da hannu biyu. Bai yi kuka ba tukuna.

"Inna tac ce nawa na."

Babanku yana tsaye. Ya ce, "Haba, guda ɗai ta. A ba shi mana." Na waiwaya wajen Inna, ina fatan ta ɗauke mini. Ga 'ya'yan Kawu Bala sun jeru a bakin danga, idanuwa a waje, kowa da irin yunwarsa. Inna ta juya fuska ga bango, sannan ta yi magana.

"Ni niy yi alkawari, amma kaba na hannunki, ɗiyata."

Ran nan ta fara kirana da wannan suna. Na tsaya ina lissafi a zuci, ba na ƙwaya ba, na gidaje. Idan na karya masa, da wane ido zan hana sauran? Idan na karya wa kowa, an gama da na farko, abin da zai rage na baya ne mai tsutsa, kuma ba Bakura ba Maradun da za a je a karɓo. Na ɓamɓare yatsunsa daga karan ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure zangarniyar. Na ce masa ya yi haƙuri, na baya na tafe, zai ci.

Sai ya saki wani irin kuka mara ƙarfi, irin na yaron da ba shi da abin yin kukan a ciki. Ni kuwa ga surukata, ga mijina, ga baƙi, kunyar ɗan fari ta ɗaure mini hannu kamar yadda na ɗaure geron. Ban ɗauke shi ba. Maman Ladi ce ta leƙo ta kan katanga.

"Ke Maman yara, wane irin abu ne wannan? Ɗanki ne fa! Ko ba ki ba shi ba, ki rungume shi mana!"

Da ta ga ban motsa ba, ta zagayo ta ƙofa da zanenta a kafaɗa, ta saɓi yaron, tana faɗa da ni tana lallashinsa. "Zo, angon kowa, rabu da su da al'adarsu. Ina da gyaɗa." Na ji kukan yana nisa. Na gama ɗaure abin da ya rage, na shiga madafa, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Na bayan sun nuna, an gasa wa yara, shi kaɗai ya ƙi karɓa. Inna ba ta kai girbi ba. Allah ya karɓi abinsa ran wata Juma'a da hantsi, geron da aka ɗaure yana tsaye a bayan ɗakinta. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Da muka yanke, na rataye shi a hayaƙi, na sussuke, na cuɗa da toka, na kasa uku. Kawu Bala ya tafi da nasa da ya sami aron wata gona a tudu wajen Janbako. Na aika wa Inna Ƙarama nata. Da aka maido mana gonarmu, ba mu gane ta ba. An kankare ƙasar sama, wani wuri ruwa ya kwanta, wani wuri bai kai ba. Sabon iri ya zo, wata shekara ya yi kyau ƙwarai, wata shekara ya zo a makare ko taki ya yi wuya. A shekarun farin da suka biyo baya, lokacin da damina ke ɗaukewa tun dogon gero bai cika ido ba, Ɗan-gajere ne ya ciyar da gidan nan da na Bakura da na Kawu. Ku da aka haifa daga baya, da kununsa aka yaye ku. Kuma ban sake barin bayan gida ya kwana ba shuka ba, ko gona ta yi ko ba ta yi ba.

Ban ce na yi kuskure ba. Da za a mai da ni ranar, da kabar a hannuna, ina jin haka zan sake yi. Amma kowane abu da kuɗinsa, ba kuma a kasuwa kaɗai ake biya ba. Tun daga la'asar ɗin nan yayanku bai sake roƙona komai ba. Yaro ne mai biyayya, ya girma ya yi mini duk abin da ɗa ke yi wa uwa, har ya kai ni Makka. Amma in takalminsa ya tsinke babanku yake gaya wa, in yunwa yake ji sai ya jira a zuba. Kuna cewa halinsa ne, miskili ne. Ni na san ranar da halin ya fara. To sai ga shi bana, da furfura a gemunsa, ya durƙusa ya ce, "Mama, ki ba ni bayan gidan nan in gyara miki." Roƙonsa na farko tun yana yaro, a kan wannan ƙasar dai, kuma na sake cewa a'a. Ya ce ba komai, ya tashi. Kwana da kwanaki abinci bai yi mini daɗi ba.

Da geron bana ya fara ido, na zauna na yi tunani. Iri yana Bakura wurin jikokin Inna Ƙarama, yana Janbako, yana tuluna cike. Ba shekarar da na ɗaure don tsoro ba ce. Na aika a kira shi. Na shiga bayan gida da kaina, na nemi wadda ta riga kowa nuna, na karye ta, na gasa a garwashi, na ɗora a faifai na tura gabansa. Ya daɗe yana kallonta. Na ɗauka ya manta, ko zai yi kamar ya manta.

"Wanga tumu ya daɗe bisa hanya," ya ce.

"Kakarka ta bar mini sallahu. Ci, kada shi huce."

Ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki. Ya ci har ya ƙare bai ɗago ba, ni ma ina kallon wani wuri. Sannan na faɗa masa abin da na faɗa muku a nan, a gajarce, don har yanzu bakina ba ya sakewa a gabansa. Na ce bayan raina wurin naku ne, ku yi yadda kuka ga dama, tulun kawai nake roƙo kada a bari ya shekara biyu a rufe.

Ya karkaɗe hannuwansa, ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun rigarsa, ya tsaya a bakin danga yana duban geron.

"Mama," ya ce, "ba ni kabar."

Na ba shi.